Daga ina LED ɗinka zai sha wuta? Kwatancen hanyoyi biyar ga mai haɗa fitila da hannunsa a Tawa

A bazarar da ta wuce ɗan yayata, wanda ke ajin ƙarshe a lise, ya haɗa wa mahaifiyarsa fitila a kan keken ɗinkinta, domin tagar ɗakin ƙarama ce, ko da rana tsaka sai da haske take iya zura zare a allura. Ya jera fararen LED, ƙananan ƙwayoyin fitilar nan na zamani, goma sha biyu cikin tsagin bututun roba, uku-uku, kowane uku da rezistans (ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa) na om 120, sannan ya ja waya zuwa batirin sola na gidan. Kafin wata ya cika hasken ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi, jeri biyu kuma suka mutu. Ya kawo mini fitilar cikin leda ya ce, "Kawu, ko dai jabun LED aka sayar mini?" Da muka ɗora mita a kan batirin da misalin ƙarfe ɗaya na rana, sai muka ga bolt 14.4, alhali shi da bolt 12 ya yi lissafinsa. Kayan ba su da laifi, yaron ma bai kuskure lissafi ba. Abin da bai sani ba shi ne halin wurin da ya ɗebo wutar.

Saboda irin wannan nake ganin duk mai shirin haɗa fitila, ko ta teburin karatu ce, ko adon shago, ko allon suna a ƙofar gida, ya kamata ya fara yanke shawarar inda wutar za ta fito kafin ya sayi ko ƙwayar LED ɗaya.

Abin da LED yake buƙata

LED ba kamar tsohon ƙwan fitila mai zare ba ne, wanda ke tsayar wa kansa iyakar abin da zai sha. Da zarar bolt ya kai mizaninsa, ƙari kaɗan yana sa wutar da ke ratsa shi ta ninka, har ya ƙone. Jan LED yana kamawa a wajen bolt 2, fari da shuɗi kuma tsakanin 3 da 3.3, ƙaramin nan mai faɗin milimita 5 kuwa miliampa 20 ne iyakarsa. Aikin rezistans shi ne ya shanye rarar. Ana cire bolt ɗin LED daga bolt ɗin tushen wuta, a raba abin da ya rage da ampar da ake so. A fitilar ɗinkin nan, fari uku sun ci 9.6, daga 12 saura 2.4, a raba da ampa 0.02, wato miliampa 20, om 120 ke nan. Amma da batirin ya hau 14.4 rarar ta zama 4.8, wutar da ke bi ta cikinsu ta doshi miliampa 40, ninkin abin da suke iya ɗauka, kuma a cikin ɗakin kwano a watan Afrilu.

Ma'aunan zaɓi

Kuɗi ne ma'auni na farko, amma ina nufin kuɗin shekara guda, ba na ranar saye kaɗai ba. Na biyu juriya, kuma a Adar juriya tana nufin zafi da ƙura, domin a Afrilu da Mayu zafin yakan haura digiri 40 a inuwa, yayin da yawancin alƙaluman da kamfanoni ke rubutawa a takardun kayansu an auna su ne a digiri 25. Na uku sauƙin haɗawa ga wanda bai da komai sai ƙarfen like da dalma da mita. Na huɗu haɗari, ga kayan da kuma ga mutanen gida. Na biyar, wanda a ganina shi ya fi raba gardama, shi ne ko fitilar za ta ci idan an ɗauke wuta. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin lantarkin da take ba Nijar, ya san amsar wannan tambaya ba ƙaramar magana ba ce, kuma ko da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, bazara ba ta wucewa ba tare da ɗauke-ɗauke ba.

Pil

Pil uku irin na tocila ko rimot suna ba da bolt 4.5, farin LED ɗaya yana buƙatar om 68, shi ke nan an gama. Ba hanyar da ta kai wannan sauƙi da rashin haɗari, ita ce kuma ta dace da yaron da zai fara koyo. Sai dai ita ce mafi tsada idan aka daɗe, tunda kullum saye ake yi ana yarwa, hasken yana raguwa tun daga daren farko, masu arahar kuma suna zubar da ruwa cikin zafi su cinye ƙarafunan mazauninsu. Pil mai kusurwa huɗu na bolt 9 ban ba da shawararsa ba: abin da ke cikinsa bai wuce miliampa-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) 500 zuwa 600 ba, kuma idan LED ɗaya aka ɗora masa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a rezistans yake ƙarewa.

Bolt 5 na USB: cajar waya ko fawabank

Babbar fa'idar wannan hanya ita ce bolt ɗin a tsaye yake. Ko fawabank ya cika, ko ya kusa ƙarewa, 5 yake bayarwa, don haka lissafin da aka yi yau shi ne na gobe. Jan LED yana ɗaukar om 150, fari kuma om 100, kowanne da nasa rezistans, domin bolt 5 ba zai ɗauki fari biyu a jere ba. Kuɗin ma kaɗan ne, tunda kusan kowane gida akwai tsohuwar caja da igiyar USB da kanta ya lalace. Idan aka yanke igiyar, galibi ja ce mai kawo wuta, baƙa ce mai komarwa, fara da koriya kuma na saƙo ne, amma a tabbatar da mita saboda masu araha ba sa bin ƙa'idar launi.

Akwai abubuwa biyu da ke ba mutane mamaki. Na farko, lambar miliampa-awa 10000 da ke jikin fawabank an ƙirga ta ne a bolt 3.7 na batirin ciki. Idan aka ɗaga zuwa 5 aka cire asara, abin da ke fitowa bai cika wuce 6000 zuwa 6500 ba, idan ma na gaskiya ne. Duk da haka fararen LED goma masu shan miliampa 180 gaba ɗaya za su yi sama da awa 30 a kansa. Na biyu, yawancin fawabank suna kashe kansu idan abin da aka jona yana shan wuta kaɗan, suna ɗauka waya ce ta cika. Mai LED biyu ko uku zai ga fitilarsa ta mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi ya yi zaton ya yi kuskuren haɗi, alhali maganin shi ne ya ƙara yawan LED ɗin.

Wannan hanya kuma ita ce ta masu son adon launuka da WS2812B, irin LED ɗin da ake sarrafa kowace ƙwaya da Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni. Kowace ɗaya tana iya shan miliampa 60 idan ta yi fari fat, ke nan talatin sun kai ampa 1.8, wanda ya fi ƙarfin ƙaramar caja.

Batirin litiyom 18650

Shi ne batirin nan mai kaurin milimita 18 da tsawon 65 da ake cirowa daga tsoffin batiran kwamfutar hannu da manyan tociloli. Yana cika a bolt 4.2, ya kamata kuma a tsayar da shi a wajen 3. Ba wanda ya kai shi yawan ƙarfi a ƙaramin jiki, kuma ga fitilar da za a riƙa ɗauka daga ɗaki zuwa tsakar gida ba shi da na biyu. Ana cajinsa da ɗan allon TP4056, wanda ba shi da tsada, amma iri biyu ne a kasuwa, kuma wanda ake so shi ne mai kariya, wanda za a ga yana da wurin jona batir dabam, wurin fitar wuta dabam. Shi ne ke yanke wuta idan batirin ya yi ƙasa sosai ko wayoyi suka haɗu.

A nan ne nake yawan jan kunnen matasa. Na gaskiya daga manyan kamfanoni ba ya wuce wajen miliampa-awa 3500; duk wanda aka rubuta wa 6800 ko 9900 ƙarya ce, kuma da an ɗaga shi a hannu za a ji ba shi da nauyi. Masu ƙera shi sun hana a yi cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45, wanda kuwa akwatin roba da aka bari a bakin taga ko cikin shagon kwano yakan kai cikin sauƙi a bazara. Kada a ɗora masa ƙarfen like kai tsaye, a saya masa mazauni mai sifirin. Wanda rigarsa ta yage, ko ya lotsa, ko yake ɗumi ba a jona shi da komai ba, a rabu da shi. Gobarar litiyom ba ta da saurin mutuwa, kuma a ɗakin da ake kwana da yara wannan ya isa dalilin tunani sau biyu. Ta fuskar haske kuma, idan rezistans kaɗai aka sa, misali om 47 ga farin LED, fitilar za ta fara da ƙarfi ta riƙa dushewa yayin da batirin ke sauka.

Adaftar bolt 12 a jikin wutar NIGELEC

Ga wanda zai yi aiki da kintinkirin LED, wanda masu shago ke kira riban, wannan ce hanya mafi tsabta. Riban ɗin bolt 12 ya zo da rezistans ɗinsa a jiki, ana yanka shi bayan kowace ƙwaya uku a wurin da aka yi alamar almakashi. Mai ƙwaya sittin a mita, samfurin 5050, yana shan wat 14.4 a kowace mita, wato ampa 1.2, mai ƙananan ƙwayoyi samfurin 3528 kuma wat 4.8. Mita biyu na babban za su sha ampa 2.4, saboda haka adaftar ampa 3 za a nema, domin adaftar da ke aiki a iyakar ƙarfinta cikin zafinmu ba ta kai labari. Hasken ba ya raguwa, ba caji, ba canjin batir, kuma kuɗin wutar da yake ci kaɗan ne.

Rauninta a fili yake: an ɗauke wuta, ta mutu tare da sauran gida. Ga kuma dawowar wuta da ƙarfi, wadda ke kashe adaftoci marasa inganci. Araha ba ta ado; adaftar da aka ji ta sakayau a hannu, aka rubuta mata ampa 5, da wuya ta ba da rabin haka.

Akwai wata hanya da ke kama da wannan wadda nake roƙon mai koyo ya nisance ta gaba ɗaya, wato jona LED da bolt 220 ta hanyar kondansato (ɗan abin da ke tara wuta ya riƙe) kaɗai, kamar yadda ake gani cikin ƙwayayen fitila masu araha. Babu abin da ya raba wannan haɗi da wutar bango, kowace waya a cikinsa tana iya kisa, kondansaton ma yakan riƙe wuta bayan an zare.

Batirin bolt 12 mai dalma, da sola ko babu

Wannan ita ce hanyar da wasu gidajenmu suka riga suka mallaka, kuma ita ce na fi daɗewa ina aiki da ita. Tana da tsadar farko, musamman idan za a haɗa da panon sola da regilato mai kula da cajin batir, amma ita kaɗai ce ke ɗaukar haske mai yawa na tsawon dare ba tare da jiran kowa ba. Ƙaramin batir na ampa-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, sai dai rabi ne naka, domin batirin dalma da ake zuƙewa ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa. Da wannan rabin, mita ɗaya ta ƙaramin riban mai shan ampa 0.4 za ta yi kusan awa tara. Batirin moto yana yi a matsayin na wucin gadi, amma an gina shi ne don ya ba da ƙarfi na ƴan daƙiƙoƙi wajen tayar da inji, zuƙewa a hankali kowane dare tana gajiyar da shi da wuri. Zafi ma maƙiyinsa ne, tunda ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. A ajiye shi ƙasa, a inuwa, inda iska ke shiga.

Sunansa bolt 12, amma ba ya zama a 12. Idan ya cika yana hutawa 12.6 ne ko 12.7, idan pano na cajinsa yakan kai 14.4, kuma wurin jona fitila da ke jikin ƙananan regilato ba ya daidaita komai, abin da ke batir shi yake miƙowa. Saboda haka a yi lissafi da 14.4. Fari uku a jere su sami om 220 maimakon 120: da rana za su sha wajen miliampa 22, da dare wajen 14, kuma bambancin hasken bai kai yadda mutum zai zata ba. Riban kuwa, tunda ba a canja rezistans ɗinsa, ko dai a bar shi sai dare, ko a sa masa diyod (abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai) biyu a jere su rage wajen bolt 1.4, irin 1N4007 idan bai kai ampa ɗaya ba, ko 1N5408 har zuwa ampa 3.

Haɗarinsa ba jan mutum ba ne, gobara ce. Idan wayoyi biyu suka haɗu, ko ƙaramin batir yana iya tura ampa da yawa har waya ta yi ja ta narke. Fiyus a kan wayar da ta fito daga kan batir mai alamar tarawa, dab da batirin, wajibi ne.

| Hanya | Kuɗin farko | Kuɗin ci gaba | Juriya a zafi | Sauƙi | Haɗari | Idan an ɗauke wuta |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Pil | kaɗan ƙwarai | mai yawa | yana zubar da ruwa | mafi sauƙi | kusan babu | tana ci |
| USB | kaɗan | kaɗan | matsakaici | mai sauƙi | kaɗan | da fawabank tana ci |
| 18650 | matsakaici | kaɗan | yana son inuwa | sai da kula | gobara | tana ci |
| Adafta | matsakaici | kaɗan | ya danganta da inganci | mai sauƙi | wutar bango | ba ta ci |
| Batirin dalma | mai yawa | canjin batir | zafi na rage rayuwarsa | matsakaici | gobara idan ba fiyus | tana ci dukan dare |

Haɗin waya, da lokacin da rezistans ba ya isa

Ko wace hanya aka zaɓa, haɗi iri biyu ne. A jerin gwano, ƙafar wannan tana kama ƙafar wancan, wuta ɗaya ke ratsa su duka, bolt ɗinsu ne ke taruwa. Shi ya fi tattali, shi ya sa bolt 12 ya fi 5 riba ga fitila mai ƙwayoyi da yawa. A haɗin kafaɗa da kafaɗa kuwa kowane reshe yana shan nasa. Kuskuren da na fi gani shi ne a tara LED goma kafaɗa da kafaɗa a ba su rezistans ɗaya. Ba LED biyu da suke daidai da juna, kuma idan LED ya yi zafi bolt ɗinsa yana sauka da wajen milibolt 2 a kowane digiri, sai ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, har ya mutu ya bar wa sauran kasonsa, su ma su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kowane reshe da rezistans ɗinsa. Doguwar ƙafa ita ce ta ɓangaren tarawa, gajeruwar da ke gefen da aka shafe ita ce ta ɗebewa.

Kaurin waya ma yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Wayar tagulla mai murabba'in milimita 0.5, idan ta yi mita biyar zuwa da biyar dawowa tana ɗauke da ampa 3, tana cinye sama da bolt ɗaya a hanya, mai 1.5 kuwa sulusin haka take ci. Dogon riban a ba shi wuta ta kai biyu, in ba haka ba ƙarshensa zai fi farkonsa duhu.

Idan aka kai ga manyan LED na wat 1, masu shan miliampa 350, ko na wat 3 masu shan 700, rezistans ya daina zama mafita, sai na'urar da ke tsayar da ampa wuri ɗaya komai hawa da saukar batir. Ana sayar da ita a haɗe, ana kuma iya yin ta da LM317, ƙaramar na'urar daidaita wuta, da rezistans ɗaya; don samun om ɗinsa, a raba 1.25 da ampar da ake so. Om 3.6 yana ba da wajen 350, amma ni 3.9 nake sawa, wajen 320, saboda zafin garinmu, kuma rezistans ɗin ya zama mai ɗaukar wat ɗaya. LM317 yana buƙatar rarar bolt 3, don haka a kan batirin 12 LED biyu a jere sun fi uku kwanciyar hankali. Shi da LED ɗin duka sai an ɗaure su a farantin alminiyom, kuma idan yatsa ba zai iya jure taɓa farantin ba, ya yi ƙanƙanta.

Wa ya dace da wace

Ɗalibin da ke son ya gane yadda abin yake, ko zai kai aikin gwaji makaranta, ya fara da pil uku, ya koma USB idan hannunsa ya faɗa. Mai son fitilar karatu ta tebur, wadda za ta raka shi daren jarrabawa ko da wuta ko babu, fawabank da fararen LED takwas zuwa goma sun ishe shi, kuma wannan ce shawarar da nake ba mafi yawan masu tambayata. Mai son fitilar ɗauka ya bi 18650, da sharaɗin allo mai kariya da caji a inuwa. Idan ƙananan yara ne za su riƙa wasa da ita, gara fawabank. Mai adon shago ko ɗakin amarya, wanda ba zai yi asara ba idan adon ya mutu na awa biyu, ya sayi adafta mai nauyi wadda ta ɗara buƙatarsa. Mai sana'ar da ke tsayawa idan haske ya tsaya, tela ko mai shayi ko mai gyaran waya, batirin dalma ne nasa, da fiyus, da lissafin 14.4.

Fitilar keken ɗinkin nan a wannan rukuni ta faɗa. Mun bar ta a kan batirin sola, muka canja LED ɗin da suka dushe, muka sa om 220 a kowane jeri, muka ƙara jeri biyu don cike hasken da ya ragu, sannan muka ɗaura fiyus na ampa ɗaya a bakin batir. Jeri shida ke nan, ƙwaya goma sha takwas, kuma da tsakar rana gaba ɗayansu miliampa 130 suke sha.